Tuffa Mai Zaƙi da Tuffa Mai Tsami: Wacce Ce Ta Dace da Wuta?



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau yadda mai girki zai zaɓi tuffar da zai dafa ko ya gasa. Na san galibinmu a nan ɗanya muka san tuffa: a saye ta a bakin titi, a kai wa majinyaci, ko a yanka wa yara. Amma a ƙasashen da ake nomanta, kamar Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, tuffa kayan girki ce kamar yadda kabewa take a wurinmu. Ga shi kuma irin wannan girki ya shigo otal-otal ɗinmu da gidajen burodi da makarantun koyon girki. Tuffa kuwa daga nesa take zuwar mana, da tsadarta. Wanda ya sayi guda goma ya zuba a tanderu, suka fito tsululu ko kuma lami, ya yi asarar da za ta yi cefanen kwana biyu.

Littattafan girki da yawa suna kawo ƙa'ida ɗaya, cewa mai tsami ita ce ta girki, mai zaƙi kuwa ta ci ɗanya. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin gaskiyar ce. Tambayoyi biyu ne ke gaban mai girki. Ta farko: wane ɗanɗano ne zai saura bayan tuffar ta sha wuta? Ta biyu: yaya jikinta zai zama, zai tsaya ne ko zai narke? Harshe yana iya amsa ta farko. Ta biyun kuwa harshe ba shi da labarinta, kuma a nan ne akan yi asara.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu san abin da ya sa tuffa ta rarrabu haka. Asalinta daga duwatsun Tian Shan ne na tsakiyar Asiya, a yankin da ke Kazakistan yanzu, inda har yau kakarta ta daji take tsiro. Sunan birnin Almaty ma daga kalmar tuffa ya samo asali a harshen mutanen wurin. Masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov, ya ziyarci dazuzzukan a 1929, ya kuma nuna cewa can ne mahaifarta. Wani hali na tuffa shi ne ba ta gadon uwarta ta hanyar iri. In ka shuka 'ya'ya biyar daga cikin tuffa guda, bishiya biyar za ka samu, kowacce da irin 'ya'yanta, kuma mafi yawansu tsami da bauri ba za su bari a ci su ba. Sabo da haka duk sa'ad da aka dace da bishiya mai kyau, sai a yanki reshenta a aura wa wani kututture, daidai yadda manomanmu ke yi wa mangwaro. Ma'ana, kowace tuffa mai suna da ke kasuwar duniya reshe ce na bishiya guda tak da aka yi ta aurarwa. Shi ya sa sunan iri yake da muhimmanci ga mai girki, domin in ka san halin iri sau ɗaya, ka san shi ke nan a ko'ina. An ƙidaya ire-iren tuffa fiye da 7,500 a duniya, kuma a gonar adana iri ta Brogdale da ke Kent a Ingila kaɗai akwai fiye da 2,000.

To, mu ɗauki tambaya ta farko. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na tuffa ruwa ne. Sukari yana kamawa daga kashi 10 zuwa 15. Tsaminta kuwa daga wani sinadari yake da ake kira malik asid, wanda masanin haɗa magunguna ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara tacewa daga ruwan tuffa a 1785. Sunan ma daga kalmar tuffa ta Latin aka ciro shi. Abin lura a nan shi ne ire-iren tuffa ba su da nisa da juna ƙwarai wajen sukari. Inda suka yi hannun riga shi ne wajen asid. Mai zaƙi kamar Fuji ko Gala ko Red Delicious ba ta cika kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali Bramley ta Ingila takan kai kashi ɗaya har ta wuce. Ashe ke nan tuffar da muke ce wa mai zaƙi, sau da yawa ba sukari ta fi 'yan'uwanta ba, tsami ne ta rasa. Duk wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san wannan: sukari cokali biyu a kunun da tsamiyarsa ta ji daidai ne, amma cokali biyun nan a kunun da aka yi wa rowar tsamiya sai ya gundure ka.

Me wuta ke yi wa wannan ɗanɗano? Ƙamshin da muke ji in mun gatsi ɗanyar tuffa na wasu sinadarai ne marasa nauyi, masu saurin tashi, kuma da yawansu tururi suke bi su tafi. Sa'an nan mai girki zai kawo sukari da man shanu da fulawa, waɗanda dukkansu danne ɗanɗano suke yi. Abin da ke iya ratsa wannan taro ya iso harshe shi ne tsami. Tuffar da ƙamshi kaɗai ta dogara da shi, kamar Red Delicious, in ta fito daga tanderu ba abin da za ka ji sai ruwan sukari. Wannan shi ne rabin gaskiyar da littattafan suka riƙe, kuma ina tare da su a kansa. Amma fa a lura, gyaran ɗanɗano yana hannun mai girki. In tsami ya yi yawa, ga sukari a gwangwani. In ya yi kaɗan, ga lemon tsami. Ko da yake tsamin lemo wani asid ne daban, ya fi kaifi, yana dai rufa asiri.

Abin da ba a sayarwa a kanti shi ne jiki, kuma a kansa nake so in daɗe.

Ku ɗauki tsokar tuffa kamar ginin tubali. Tubalan su ne ƙwayoyin halitta, kowacce cike da ruwa da sukari. Kwaɓin da ya riƙe su da juna wani danƙo ne mai suna fektin, wanda Bafaranshe Henri Braconnot ya bayyana a 1825. Tsakanin tubalan kuma akwai guraben iska masu yawa, har sukan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girman tuffar, abin da ya sa take tasowa in an jefa ta a ruwa. In zafi ya shiga, abu uku ke faruwa. Ƙwayoyin su saki ruwansu. Iskar ta kumbura ta nemi hanyar fita, tana ture tubalan. Fektin kuma ya soma narkewa. Irin da tubalansa suka matsu, kwaɓinsa ke da ƙarfi, zai yi laushi amma yankan zai tsaya da siffarsa. Irin da ke da iska da yawa da raunin kwaɓi kuwa sai ya rushe ya zama kamar fate.

Tsami yana da hannu a cikin wannan, kuma matanmu sun riga masu ɗakin gwaji sanin haka. Wace mai girki ce ba ta san in ta jefa kanwa a wake zai nuna da wuri ba, in kuwa ta zuba tumatir tun farko sai ya ƙi nuna? Dalili shi ne kanwa tana gaggauta narkewar fektin, matsakaicin tsami kuwa yana kare shi. Daga nan ne wasu marubuta, musamman na Amurka, suka yanke hukunci cewa tuffa mai tsami ita ce ke tsayawa a wuta, suna ba da misali da Granny Smith. Sai dai in ka faɗa wa Baturiyar Ingila haka dariya za ta yi maka, domin a wurinta tuffa mai tsami ita ce mai narkewa. Kowannensu kuwa gaskiyar abin da ya gani a tukunyarsa yake faɗa. Kariyar da tsami ke yi wa fektin tana da iyaka. In ya tsananta ƙwarai, kamar na Bramley, shi da kansa yake komawa yana tsinka fektin ɗin in an haɗa shi da zafi. Bayan haka ga ginin tsokar, wanda gado ne na kowane iri, ba ruwansa da ɗanɗano. Bramley tana da tsami, tana narkewa. Granny Smith tana da tsami, tana tsayawa, in dai ba a wuce da ita kima a wuta ba. Golden Delicious tana da zaƙi, tana tsayawa. McIntosh ta Kanada, wadda John McIntosh ya tsinta a gonarsa ta Ontario a 1811, tsaminta matsakaici ne, amma da ta ji zafi sai ta saki jiki. Ina ƙa'ida ɗaya da za ta ɗauke waɗannan huɗu?

Sabo da haka abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: me ake so a girka? A nan tarihin abincin kowace ƙasa yana da abin koyarwa, domin kowacce ta zaɓi tuffar da ta dace da abin da take so a akushinta.

Turawan Ingila sun daɗe suna gasa tuffa cikin ƙullin fulawa. Akwai bayanin yadda ake yi a wani rubutun girki nasu na ƙarshen ƙarni na 14, inda aka haɗa ta da ɓaure da zabibi. A ƙarni na 19 suka kai ga raba tuffa gida biyu, ta ci da ta girki, suna noma kowacce daban, abin da ba a cika samu a wasu ƙasashe ba. Sarauniyar na girkin ita ce Bramley. Wata yarinya ce mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka 'ya'yan tuffa a lambun gidansu a garin Southwell a 1809. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Bayan shekara goma wani saurayi mai sana'ar renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar rassan bishiyar, mahaucin ya yarda bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Haka wadda ta yi shuka ta tashi a tutar babu, wanda ya sayi gida ya tafi da suna. Abin da Ingilishi ke nema a Bramley shi ne ainihin narkewar nan. Suna so ta zama lallausan dami mai tsami da za a ci da nama mai kitse, kamar na agwagwa ko na dinya, don ya yanke maiƙo. In za su gasa ta sukutum, sai su ƙwaƙule cibiyar su cusa sukari da zabibi, su tsaga ɓawon a kewaye ta tsakiya, domin tsokar za ta kumbura ta yi kumfa, in ba a ba ta hanya ba ta fashe.

Faransawa akasin haka suke so. Shahararren gashinsu na tuffa, wanda ake kira da sunan Tatin, ya fito ne daga otal ɗin wasu mata biyu 'yan'uwan juna, Stéphanie da Caroline Tatin, a garin Lamotte-Beuvron, a ƙarshen ƙarni na 19. Ana narka sukari da man shanu a kasko har su yi ja, a jera manyan ɓarin tuffa a ciki, a rufe da ƙullin fulawa, a gasa, sa'an nan a kife a faranti, tuffar ta koma sama. Wannan aiki yakan ɗauki awa guda ko fiye a wuta, kuma dole kowane ɓari ya fito da siffarsa, yana sheƙi. A sa Bramley a nan, sai a kife faranti a tarar da kunu. Sabo da haka suke amfani da irinsu mai tauri, Reine des Reinettes, ko kuma Golden Delicious. Jamusawa da mutanen Holan kuwa suna da Boskoop, wadda aka samu a Holan a 1856, mai tsami da kaurin ɓawo, da suke sawa a kek.

Mutanen Amurka suna son abin da suke kira fai ya tsaya in an yanka shi, yanka a kan yanka, kada ya kwarara. Shi ya sa suka rungumi Granny Smith, wadda baƙuwa ce a wurinsu: wata tsohuwa ce, Maria Ann Smith, ta same ta ta tsiro da kanta a gonarta kusa da Sidni ta Ostareliya a 1868, shekara biyu kafin rasuwarta. A ganina Granny Smith ita kaɗai ba ta isa ba. Tsaminta tsabtatacce ne, amma ƙamshinta kaɗan ne. Gwanaye sukan gauraya ta da wata, alal misali biyu nata, ɗaya na Golden Delicious ko Braeburn, domin wannan ta kawo tsami, waccan ta kawo ƙamshi.

Ko da yake jiki gado ne, akwai 'yan dabarun da ke taimaka masa, kuma duk daga halin fektin suka fito. In aka zuba sukari tun farko, yana janye ruwa daga yankan, yana kuma rage saurin narkewar fektin, sai tuffar ta fi tsayawa. Mai son dami kuwa sai ya dafa da ruwa kaɗan a rufe, ya bar sukari sai an sauke. Wata dabarar ta fi wannan ban mamaki. A cikin tuffa akwai wani enzayim, watau sinadarin da ke gaggauta aiki a jikin mai rai, wanda in ya ji ɗumi na kimanin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin santigired yakan gyara fektin yadda zai kama kalsiyam ya ƙara tauri. Sabo da haka in aka kwara wa yankakkiyar tuffa ruwan zafi aka rufe ta minti goma, aka tsane, sa'an nan aka gasa, za ta fi wadda aka sa ɗanya tsayawa. Wannan kuma yana fitar da iskar tun da wuri, ya hana kogon nan da kan samu a ƙarƙashin murfin fulawa sa'ad da tuffar ta motse ta bar shi a sama. Mai yin jam kuwa mai tsami zai nema, wadda ba ta gama nuna ba, kada kuma ya zubar da ɓawo da cibiya, domin a nan fektin ya fi taruwa.

Akwai wani abin da ke dagula lissafi, watau shekarun tuffar, ko in ce watanninta. Tuffa ba ta mutuwa in an tsinke ta. Tana ci gaba da numfashi, kuma malik asid yana cikin abin da take ƙonawa. Sitacin da ke jikinta yana komawa sukari, fektin yana sassautawa a hankali. Ma'ana, iri ɗaya zai iya zama mai tsami da tauri a watan da aka girbe shi, bayan wata shida ya zama mai zaƙi, mai gari-gari kamar dafaffen rogo. Bramley kanta in ta daɗe a ajiye takan lafa har a iya cin ta ɗanya. Don rage wannan ne masana biyu na Kambirij, Franklin Kidd da Cyril West, suka gano a shekarun 1920 cewa in an rage iskar shaƙa a ɗakin ajiya mai sanyi, aka bar iskar da tuffar ke fitarwa ta ɗan taru, numfashinta yana raguwa. An buɗe rumbun kasuwanci na farko mai aiki da wannan hanya a Kent a 1929. Albarkacinta ne ake samun tuffa a kasuwa duk shekara.

Wannan ya kawo mu gida. Mafi yawan tuffar da ke kan tirorin 'yan talla a Kano da Kaduna da Zariya shigo da ita ake yi, kuma kaso mai yawa daga Afirka ta Kudu yake, daga kwarurukan Ceres da Elgin, inda ake girbi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu. Mai sayarwa ba zai ce maka Gala ko Fuji ba; ja da kore ya sani. A nan akwai tarko, domin koren iri biyu ne. Akwai Granny Smith, kore shar, mai santsi da tauri da tsami. Akwai kuma Golden Delicious, wadda ake tsinka tun tana kore-kore don ta jure tafiya, launinta ya fi haske, yana neman rawaya, ɓawonta da ɗige-ɗige, ƙasanta ya ɗan tsuke. Ita ce ta fi yawa a tirorin. Sunan iri yakan kasance a jikin kwali, wani lokaci a 'yar takardar da ke manne da tuffar, kuma ba laifi ba ne mai saye ya nemi gani. Golden Delicious ba abar rainawa ba ce. Kamfanin Stark Brothers ya sayi bishiyarta ta asali a West Virginia kan dala 5,000 a 1914, kuma tana ɗaya daga cikin iyayen Gala da Pink Lady. In tana kore-kore, aka matsa mata lemon tsami da ɗan kirfa, tana gasuwa da kyau. In ta yi rawaya sosai, ɓawon ya soma yamutsewa a gindin hannunta, to, ta sha rana a tire, tsaminta ya tafi, jikinta ya saki. A yi dami da ita. Jar da ke da tudu biyar a ƙasanta kuwa, Red Delicious ke nan, a bar wa yara su ci ɗanya.

Ga masu sha'awar noma a cikinku, ana samun tuffa 'yar gida a tudun Jos, ko da yake ba da yawa ba. Wahalar ita ce galibin ire-iren da na ambata suna bukatar ɗaruruwan awoyi, wasu fiye da dubu, na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su yi fure yadda ya kamata. Ire-iren da ke jure rashin sanyi, kamar Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas, ba sa jure dogon ajiya kamar na ƙetare. Manomin da bai da ɗakin sanyi, kasuwar masu gashi da masu jam tana iya ɗauke masa abin da zai lalace a hannunsa, amma sai ya san halin tuffarsa a wuta kafin ya yi wa kowa alkawari.

Hanyar sanin kuwa ba ta bukatar ɗakin gwaji. A fere tuffa guda daga kwalin da ake shirin saye, a yanka ta gida takwas. A ci yanka ɗaya ɗanye don a ji tsami. Sauran a zuba a ƙaramar tukunya da ruwa cokali biyu, ban da sukari, a rufe, a ɗora a wuta marar ƙarfi minti goma. In an buɗe aka tarar yankan sun rushe, ta dami ce da jam. In sun yi laushi amma cokali yana iya ɗaga kowanne ɗungurungum, ta gashi ce. Sa'an nan a bari ya huce a sake ɗanɗanawa, domin abin da harshe ya ji a wannan karo na biyu shi ne zai gaya maka yawan sukari ko lemon da za ka auna.